Haƙorin Makka da haƙorin da ke ciwo

Yau maganar baki zan yi, amma ba gulma ba, bakin da muke cin tuwo da shi.

Akwai wani abu a al'adarmu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Mu ne mutanen da suka fi kowa sanin yi wa haƙori murfi. Tun daga zangon Kumasi da Nima ta Ankara har zuwa Kano da Maraɗi, in hajiya ta dawo daga aikin hajji, kafin ta raba dabino da zamzam, murmushinta ya riga ya ba da labari. Haƙorin Makka kenan. An je an sami lafiyayyen haƙori, wanda bai taɓa yi wa mai shi laifin komai ba, an lulluɓe shi da ƙarfe mai ruwan zinariya ko azurfa, an biya da riyal, an dawo ana ta barka. Ba wanda ya ce almubazzaranci ne. To amma ranar da haƙorin turmi ya ruɓe, likita ya ce za a iya ceto shi in an cire jijiyar an yi masa murfi, nan take sai ka ji an ce, "Haba, duk wannan kuɗi a kan haƙori guda? A cire shi a huta." Wato haƙorin da ba ya bukatar hula mun sa masa, wanda rana ke duka kuma mun bar shi da kai a buɗe.

Ra'ayina a nan shi ne mun juya lissafin, kuma juyin nan yana cin mutanenmu, musamman mata da matasa. Na san wasu za su ce yaron da bai wuce sakandare ba me ya sani game da likitanci. Gaskiya ne ba likita ba ne ni. Ɗan mai goro ne, an haife ni a Kumasi, aka kawo mu Bauchi ina ɗan shekara tara, a gaban faranti da huhu na tashi. Amma ɗan kasuwa ya san abu guda, ya san bambancin araha da riba, kuma a kan wannan zan tsaya.

Abin da ya tayar da maganar, ƙanwata ce. Shekarunta goma sha tara. Turminta na ƙasa ta hagu ya yi kogo, tun tana jin sanyin ruwa yana tsirga mata har ya kai dare ba barci. Da muka je wani asibitin haƙori mai zaman kansa a nan GRA, aka ɗauki hoton haƙorin, likita ya nuna mana ruɓar ta kai jijiya, amma saiwar lafiya lau take, ƙashin da ke riƙe da ita ma haka. Ya ce hanya biyu ce. Ko a cire yau a gama, ko a wanke jijiyar a toshe, bayan nan a yi murfi. Kuɗin hanya ta biyu ya ninka na farko sau da yawa.

Da muka kai wa Baba labari, amsarsa irin ta masu sana'arsa ce, kuma wallahi da wuya ka ture ta. Ya ce, "Kai yaro, shekara nawa kake gani ina buɗe huhu? In goro guda ya ruɓe me ake yi masa? Tsince shi ake yi a yar kafin ya ɓata saura. Ka taɓa ganin an yi wa ruɓaɓɓen goro riga an mayar da shi cikin 'yan uwansa?"

Na ce, "Allah Ya ƙara girma Baba, goro in an tsince guda, sauran ba su san an yi ba. Shi haƙori ba haka yake ba."

Wannan ita ce maganar da nake so in shimfiɗa wa masu karatu, don na lura yawancinmu kallon goro a huhu muke yi wa haƙoranmu, alhali sun fi kama da tubalin katanga. Babban mutum haƙori 32 gare shi in sun cika, kowanne yana jingine da maƙwabcinsa, kowane na ƙasa kuma yana da abokin karo a sama. Ka cire turmi guda ka bar gurbin, a hankali na bayansa zai fara kishingiɗa cikin ramin, na gabansa ya ɗan ja baya, na sama da ya rasa abin da zai taka ya fara sakkowa. Ba a wata guda ake gani ba, shekaru yake ɗauka, shi ya sa ba ma haɗa sababi da sakamako. Da haƙoran sun karkace, sai a sami saƙo-saƙon da abinci ke maƙalewa, tsinke bai kai ba, buroshi bai kai ba, sabuwar ruɓa ta kama. Ƙashin muƙamuƙin ma da ke wurin, tun da ba saiwar da zai riƙe, sai ya fara shanyewa. Mutum ya koma tauna da gefe guda, nauyin ya taru a can, can ɗin ma ya fara ƙara. Ku duba tsofaffinmu mata a gidan biki, ku ga nawa ne ke mayar da nama cikin kwano su ce ba sa sha'awa. Da yawansu ba sha'awar ce babu ba, turamen ne babu. Kuma ba a rana ɗaya suka tafi ba, ɗaya bayan ɗaya aka yi ta "cirewa a huta".

Yarinya 'yar shekara goma sha tara, in Allah Ya yi mata tsawon rai, tana da shekara hamsin ko sittin na tauna a gabanta. Wannan shi ne abin da ake ciniki a kai, ba ciwon daren jiya ba.

Bari in ɗan faɗi yadda ruɓar ke tafiya, don a nan ne kuɗin yake ɓuya. Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, ba shi da jijiya, ba ya jin zafi. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan laushi, mai ruwan ƙwai-ƙwai, shi ne ke tsirgawa in sanyi ko zaƙi ya taɓa shi. Can tsakiya kuma ɗan ɗaki ne da jijiya da hanyoyin jini ke ciki, suna bin saiwa zuwa ƙashi. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a dattin haƙori sukari suke ci, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon. Yawu yana wanke tsamin, yana ma mayar wa ɓawon wasu sinadaran da ya rasa, amma yana bukatar lokaci, kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda bayan an ci zaƙi. In ramin yana ɓawo ko ya ɗan shiga hawa na biyu, ciko kawai za a yi, zama guda, kuɗi kaɗan. In ya kai ɗakin jijiya, ciko ba zai yi ba, sai ko dai cirewa ko wanke jijiya. Matsalar ita ce lokacin da aikin ke da araha, haƙorin bai fara ihu ba, mu kuwa ba ma zuwa sai ya yi ihu. Kamar mai gidan ƙasa ne da ya ƙi yaɓe a rani, ya zo yana neman magini a tsakiyar Agusta.

Wani abin da ke yaudarar mutane, ciwon kan yi tsanani kwana da kwanaki, sai kuma ya ɗauke ɗif, mutum ya ce maganin da ya sa ne ya yi aiki. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar ba su mutu ba, sun bi saiwa sun sauka ƙashi, watarana a wayi gari kunci ya kumbura. Kuma wannan kumburi ba abin wasa ba ne. In turmin ƙasa ne, ruɓar kan iya bazuwa ƙarƙashin harshe da haɓa har ta matse hanyar numfashi. Likitoci sun san wannan sarai, yana kisa in an yi jinkiri, musamman ga mai ciwon sukari. Duk wanda kumburin haƙori ya hana shi buɗe baki ko haɗiyar yawu, ko ya zo masa da zazzaɓi, ba kantin magani zai nufa ba, asibiti ne, a daren ba sai da safe ba.

Sai maganar tsutsa. Har yau akwai masu yawo a kasuwanni da tashoshi suna turara wa mutane hayaƙi a baki, su nuna musu wasu 'yan farare a cikin ruwa su ce ga tsutsar haƙorin nan ta fito. Kada mu ji kunya da yawa, ba mu muka fara ba. Mutanen Babila sun yi imani da tsutsar haƙori shekaru dubbai da suka wuce, Turawa ma sun daɗe a kai, har sai da irin su Pierre Fauchard, Bafaranshen da ya wallafa littafinsa kan aikin haƙori a 1728, suka fara ture maganar. Amma dai babu tsutsa. Kanumfari da iyayenmu ke sawa, shi kam yana da gaskiyarsa, man da ke cikinsa yana kashe zafi, likitocin haƙori ma suna amfani da sinadarinsa, sai dai kashe zafi daban, toshe rami daban. Masu ɗiga ruwan batir ko fetur, ko su danna ƙwayar asfirin a dasashi, waɗannan ƙona naman bakinsu kawai suke yi.

To, mu koma kan murfin. Da yawa ba su san me ake yi ba, shi ya sa suke ganin cuta ce. Ni na zauna na gani. Zama biyu aka yi ana wanke jijiyar. An yi mata allurar kashe zafi, aka huda haƙorin ta sama, aka bi ramukan saiwar da wasu 'yan siraran ƙarafa kamar allura ana kwashe matacciyar jijiyar, ana wankewa da magani, sannan aka cushe ramukan da wani abu mai kama da roba, aka rufe. A nan ciwo ya ƙare. Kuma a nan ne mutanenmu da yawa suke guduwa, su ce ai an warke, murfin ƙari ne likita ke nema. Ba ƙari ba ne. Turmin da ruɓa ta cinye cikinsa, aka kuma huda shi, ya zama kamar ƙwaryar da aka rarake, bangonta siriri. Turmi kuwa shi ke ɗaukar nauyin tauna. Rana ɗaya za a gamu da tsakuwa a shinkafa ko ƙashi a tsire, ya tsage har saiwa, kuma in ya tsage haka sai cirewa, an yi asarar kuɗin farko da haƙorin gaba ɗaya. Murfin shi ne ɗaurin da ke riƙe bangon.

Yadda ake yinsa, ana goge haƙorin ta kowane gefe, kamar milimita 1 zuwa 2, don murfin ya sami wurin zama. A ɗauki zanen bakin da wani abu mai kama da ƙullu, a aika wa masu ƙerawa, a sa na wucin gadi kafin na gaskiya ya iso. Nata ya ɗauki kusan mako biyu don ba a garin nan aka ƙera ba. Da ya zo aka gwada, aka sa ta cije wata 'yar takarda mai launi don a ga inda ya yi tudu, aka goge, aka manne da siminti irin nasu. Akwai na ƙarfe zalla, wanda ya fi araha kuma yana da ƙarko, sai dai ba kyan gani. Akwai na ƙarfe da aka lulluɓe da tangaran ya yi kalar haƙori. Akwai na zakoniya, fari ne mai tauri, shi ya fi tsada a cikinsu. Shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi, in turmin can ciki ne da ba mai gani sai likita, kada ya ji kunyar tambayar na ƙarfe. Mu da muke sa ƙarfe a gaban baki don ado, me zai hana mu sa shi a lungu don amfani? Murfi mai kyau kan yi shekara 10 zuwa 15, wani ya wuce haka, in ana wanke bakin. Don shi murfin ba ya ruɓa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinsa yana iya ruɓa ta bakin dasashi in an bar datti.

Ka ɗauki kuɗin ka raba shi gida goma, shekara goma kenan, ka sake raba wa wata goma sha biyu. Abin da zai fito, ka gwada shi da kuɗin katin waya da data da yaranmu ke ci a wata. Sannan ka tambayi likita nawa ne cike giɓi daga baya. In gada za a yi, sai an goge lafiyayyun haƙora biyu na gefe an yi murfi uku a haɗe maimakon guda. In dashe za a yi a cikin ƙashi, wannan kam kuɗinsa ya fi gaban yawancinmu. Da wannan lissafi na shawo kan Baba, ba da maganar likitanci ba. Ya yi shiru, ya ce, "To, Allah Ya sa ba asara ba ce." Ya ba da rabi, ni da yayanmu muka cika.

Yanzu kuma in juyo kan ɗaya ɓangaren, don ba daidai ba ne in ɗora wa talaka laifin komai. Kuɗin da yawa ne, wannan gaskiya ce. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma a asibitin kuɗi wanke jijiya da murfi a haɗe kan iya haura wannan. Kusan duk kayan aikin daga waje ake shigo da su, tun daga maganin allura har simintin, don haka tun da aka saki naira a Yunin 2023 komai ya tashi. Mai tura baro a Muda Lawal ko mai tallan goro a bakin Wunti, in ka ce masa ya yi murfi, kamar ka ce masa ya sayi mota ne. Shi wannan ba da shi nake ba, cirewa ta fi masa zama da ruɓa a baki nesa ba kusa ba. Akwai kuma haƙorin da ko kana da kuɗin duniya ba zai cetu ba, wanda ya ruɓe har ƙarƙashin dasashi, ko ya tsage, ko yake girgiɗi. Da masu hali nake, waɗanda za su yi ankon biki kala uku a wata guda, su canza waya duk shekara, amma 'yarsu ta yi wawulo tana budurwa don an ga haƙori ba abin kashe wa kuɗi ba ne.

Kuma GRA ba ita ce Bauchi ba. Na lura wasu 'yan uwa da sun ji farashin asibitin kuɗi sai su yanke ƙauna, su koma wa mai hayaƙi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa yana da sashen haƙori, a asibitin gwamnati kuwa galibi farashi ya fi sauƙi, sai dai ka yi haƙurin layi da yawan dawowa. Ka je ka tambaya, ka ji bakin likita biyu kafin ka yarda a cire, kamar yadda ba ka sayen huhu a bakin dillali na farko.

Su ma likitocin ina da magana da su. Ba duka ba, amma akwai waɗanda in sun ga mutum da babbar riga da jan goro a baki, sai su yanke masa hukunci a zuci cewa ba zai biya ba ko ba zai gane ba, su ce masa cirewa kawai, ba su ma ambaci ɗaya hanyar ba. Wata gwaggonmu an cire mata turame uku a wurare daban-daban cikin 'yan shekaru, ta rantse mini ba wanda ya taɓa gaya mata ana iya ceto haƙori. Mai yiwuwa nata ba masu cetuwa ba ne, amma haƙƙinta ne a gaya mata, da Hausar da take ji, a bar ta ta zaɓa. Wasu daga cikinmu Turancinsu na Gana ne ko Faransancin Nijar, wasu ba ko ɗaya, ga kunyar baƙunta, sai mutum ya yi ta gyaɗa kai bai fahimci komai ba. In za ka kai tsohuwa asibitin haƙori, kada ka ajiye ta a ƙofa ka tafi kasuwa. Ka shiga, ka tambaya: za a iya ciko? In ba ciko, za a iya wanke jijiya? In an cire, me za a sa a gurbin?

Hukumomi kuwa, Gana ta kafa inshorar lafiyarta a 2003 zamanin Kufuor, Nijeriya ta sabunta tata dokar a 2022 zamanin Buhari, aka wajabta wa kowa shiga. Amma irin waɗannan tsare-tsare, a ƙasashe da yawa ba mu kaɗai ba, cirewa da ƙaramin ciko suka fi ɗauka, murfi kuwa aljihunka. Ka ga ke nan tsarin da kansa yana tura mutum wajen cirewa. Duk mai katin inshora ya tambayi abin da katinsa ya ƙunsa tun kafin ciwo ya zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2022 cewa kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kimanin biliyan 2 kuma suna da ruɓa a haƙoran girma da ba a yi wa magani ba. Ciwon da ya kama kusan rabin duniya, amma har yau ana lissafa maganinsa cikin kayan ƙawa.

Akwai wata magana da na san za ku yi mini dariya a kanta, ku ce ɗan mai goro yana tallan hajar ubansa. Ku yi, amma ku saurara. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga, bakinsu ja ne, amma goro rina haƙori yake yi, ba shi ne babban mai huda shi ba. Sukari ne. A ɗaurin aure da suna yanzu, inda a da goro ake rabawa, alewa da cingam sun cinye rabin farantin, yara su cika aljihu su yini suna tsotsa. Mu samari kuma ga shayin majalisa, ƙaramin kofi ne amma sukarinsa kamar zuma, a yi na farko, a yi na biyu, a yi na uku, daga isha'i har sha biyun dare, a tashi a kwanta ba a wanke baki ba. Ku tuna abin da na ce game da yawu da lokacin da yake bukata. Wanda ya sha zaƙinsa a zama guda tare da abinci ya fi wanda ke kurɓa kaɗan-kaɗan awa huɗu, don shi na biyun bakinsa bai fita daga tsami ba ko sau ɗaya, da dare kuma yawu raguwa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, kimanin giram 50 kenan a rana ga babba, cokalin shayi 12, in ma an tsaya a rabin haka ya fi. Ka juya robar lemo ka karanta. In an rubuta giram 10 a kowane mililita 100, to robar rabin lita ta cinye maka kason ranar gaba ɗaya. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma ban ga yaron da naira biyar a roba ta hana shi sha ba.

Asuwaki abu ne mai kyau, ban raina shi ba, yana kwashe datti in an iya amfani da shi. Amma a haɗa shi da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da kuma kafin barci, a tofar da kumfar kada a kurkure da ruwa nan take, don sinadarin ya zauna ya ƙarfafa ɓawon. Af, kada kuma a ga duk haƙori mai launin ƙasa-ƙasa a ce ruɓa ce. Mutanen wajen Kaltungo, da ke cikin tsohuwar jihar Bauchi kafin a cire Gombe a 1996, da yawansu haƙoransu na da tabo saboda wannan sinadari ya yi yawa a ruwan shansu tun suna yara. Kamar gishiri ne a miya, akwai gwargwado.

Shi haƙorin Makka fa? Ban ce a daina ba, ba ni da wannan bakin, kuma mahaifiyata ma tana da shi. Abin da zan ce, wanda aka manna cikin gaggawa a lungun kasuwa ba tare da an auna bakin ba, sau da yawa ba ya zama daidai da dasashi, abinci na shiga ƙarƙashi, ruɓa ta yi ta aikinta a ɓoye ƙarfe na ƙyalli a waje. In hajiya ta fara jin wari ko dasashin wurin na jini, a kai ta a duba. Mai niyyar tafiya bana kuma, kafin ya ware riyal ɗin ado, ya fara buɗe baki a gaban madubi ya leƙa can ciki.

Abu na ƙarshe da ya fi damuna, yara ne. Turmin girma na farko yana fitowa ne yaro na da kimanin shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda haka iyaye da yawa suna ɗaukarsa haƙorin nono ne, in ya yi baƙi su ce bar shi zai fita wani ya tsiro. Ba wanda zai tsiro. Shi ne irin wanda ƙanwata ta kusa rasawa, kuma shi ne aka fi cirewa a bakin matasa.

A taronmu na wata mai zuwa ina so in kawo shawara gaban dattawa, in sun ba ni dama. Asusun da muke tarawa don rasuwa da gobara da kuɗin motar mai komawa gida, a ware wani abu daga ciki a matsayin rance ba ruwa ga duk wanda likita ya ce haƙorinsa zai cetu amma kuɗin bai cika ba, ya biya a hankali cikin wata shida. Sannan a nemi likitan haƙori mai jin Hausa ya zo makarantar Islamiyyar yaranmu ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, ya leƙa bakin kowane yaro daga shekara 6 zuwa 12. Kuɗin motarsa da ruwan da zai sha, ni da yayana mun ɗauka. Wanda ke da likitan da ya sani ya yi mini magana a shagon Baba kafin ranar taron.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.